Karen Aro a Gonar Wake

"To, ku jawo tabarmar nan kusa. Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

"Za ku ji ta, amma hannu na aiki. Kai Mantau, na gan ka, ka saki waken kana kallon bakina. Da kunne ake jin tatsuniya, maigida. Ci gaba da ɓara."

Wata shekara ce gero ya ƙi a gonar Gizo. Kada ku ce ruwan sama ne, don maƙwabtansa duk sun ɗaure dammuna har rumbu ya ƙi rufuwa. Gizo ne dai da halinsa. Ranar noman firi ciwon baya, ranar maimai ciwon kai, ranar huɗa kuma ya ce mafarki ya yi marar kyau, ba zai taɓa fartanya ba. Ciyawa ta samu gona babu mai ita, ta cinye geron tas.

Abin da ya tsira shi ne waken da matarsa Ƙoƙi ta shuka da hannunta a tsakanin kunyoyi. Shi kam ya yi albarka, ya shimfiɗu ya rufe gonar. Waken nan shi ne abincinsu na shekara, babu wani. In ya tafi, sai su bi gidajen mutane da ƙoƙo.

Da kaka ta yi, wake ya bushe a jikin uwarsa, Ƙoƙi ta ce, "Maigida, waken nan ya ƙosa. Mu fita roro da sassafe tun da raɓa, lokacin kwanson yana da laushi. Ka san in rana ta take, ko kaza ce ta gifta sai ya fashe ya zube."

Gizo ya ja mayafi ya ce, "Raɓa? Ke ba ki san raɓa na sa mini sanyin ƙashi ba? So kike ki zama bazawara?"

Kun san Gizo da tsamin baki yake magana. Yau ba zan kwaikwaya muku ba, haƙorana sun zube, sai ku ce nawa ne.

Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan Gizo ya tashi, ya tafi gona yana miƙa. A can gefe ya ga an ɗan gaigayi wake, ga kashin zomo a ƙasa. Sai ya ɗora hannu a ka, ya zo gida da kururuwa. "Wayyo Allah! An cinye ni! Zomaye sun gama da ni!"

Ƙoƙi ta bi shi ta duba. Ta ce, "Haba maigida, abin da zomon nan ya ci ai bai cika tafin hannu ba. Mu rore wakenmu kawai, in ya dawo ya tarar da fili."

"Ke rufe mini baki. Ana maganar yaƙi kina maganar roro!"

Gaskiyar maganar ita ce, tun da Gizo ya ga kashin zomon nan yawunsa ya tsinke. Nama yake so. To amma zomo ba ya kamuwa daga zaune, shi kuwa Gizo zama ne sana'arsa. Sai ya nufi gidan wani mafarauci ana ce masa Tunau.

Tunau yana da wani kare, sunansa Ƙyale-su. Dogo ne, siririn ciki, ƙafafu kamar karan dawa. Uwarsa irin karnukan Azbin ce masu gudu, ubansa kuwa karen makiyaya ne mai wayo, shi kuma ya ɗebo ta nan ya ɗebo ta can. In ya tayar da zomo a fili, zomon nan sai dai wani ba shi ba.

Gizo ya durƙusa ya gai da Tunau, ya matso hawaye, ya ce zomaye za su bar shi da iyalinsa da yunwa, ya roƙi aron karen. Tunau ya ji tausayi ya ce, "Na ba ka aronsa kwana uku. Amma ka riƙe abu biyu. Da yunwa ake fita da shi, to in ya kama, kan zomon da kayan ciki na karen ne, a nan inda ya kama, tun da ɗuminsu. Haka muka gada, ba a canzawa. Sannan ka kai shi gonakin da aka riga aka girbe. Kada ka kuskura ka sake shi cikin waken da ba a rore ba."

Gizo ya ce, "Kai da kayan ciki kawai? Ai ni har cinya zan ƙara masa."

Ranar farko suka tafi gonar maƙwabci, inda aka girbe gero aka tara kara. Gizo ya samu inuwar kanya ya miƙe ƙafa, ya ajiye kerensa a gefe, sandar nan da ake jifan zomo da ita. Ƙyale-su ya sa hanci a ƙasa, ya zaga tarin kara, sai ga ɗan zomo ya yi fit. Zomo ya zille hagu, kare ya zille hagu. Ya zille dama, kare ya tare shi. Kafin ƙura ta lafa ya kawo shi ya ajiye gaban Gizo, harshe a waje.

Gizo ya yanka, ya saɓa a kafaɗa.

Ƙyale-su ya ce, "Malam Gizo, rabona."

Gizo ya dube shi da idon tausayi ya ce, "Ka sha gudu yau, Ƙyale-su. In ka ci nama da zafin nan zai ƙulle maka ciki. Ina tausayinka. Bari sai gobe."

Hanyar gida kusa take, amma Gizo ya bi ta bakin rijiya, ya bi ta maƙera, ya bi ta dandali, zomo na reto a kafaɗarsa, shi kuma yana haki na ƙarya. Kowa ya tambaya sai ya ce, "Da ƙafata na kamo shi. Karen? Rakiya kawai ya yi mini."

Ƙoƙi ta dafa. Gizo ya ci tsoka, ya ci hanta, ya fasa kai ya tsotse. Kare aka zuba masa ruwan wankin tukunya.

Ƙoƙi ta ce, "Ka ba karen mutane haƙƙinsa, maigida. Kuma gobe don Allah mu fita roro."

Gizo ya yi gyatsa ya ce, "Gobe yaƙi."

Rana ta biyu haka aka yi. Gizo a gindin kanya, kare a rana. Ƙyale-su ya tayar da wani ɗan zomon a ƙarƙashin harawa, ya bi shi har ƙaya ta tsaga masa ƙafa, ya kawo.

"Malam Gizo, rabona. Na jiya da na yau."

"Af, ashe ban gaya maka ba? Wani malami ya ce mini hanjin zomo yana toshe wa kare hanci. In hancinka ya toshe, me zan ce wa Tunau? Bari sai gobe."

Aka sake bi ta rijiya da maƙera da dandali. Yau kam cewa ya yi da hannu ɗaya ya cafke shi, yana gudu yana waiwaye yana jiran kare. Da dare ya jefa wa Ƙyale-su ƙashin da ya tsotse har ya yi fari.

Lantana, kina dariya? Ke ma jiya da aka ba ki gyaɗa ki raba da ƙanenki, na ga irin rabon da kika yi.

To, rana ta uku. Ƙyale-su ya fito haƙarƙarinsa a waje, sai ka ƙirga su daga nesa. Ya sa hanci, ya tayar da wata tsohuwar zomanya, ƙatuwa, mai yagaggen kunne. Ita ce uwar 'yan zomayen nan biyu. Ta ja shi da gudu har suka haye wani tudu, inda Gizo ba ya hango su. Can sai ta tsaya cak, ta juyo, ta zauna.

Ƙyale-su ya ja birki, don tunda yake bai taɓa ganin zomon da ya tsaya jiran kare ba.

Zomanya ta ce, "Sannu da aiki, Ƙyale-su. Na ga ka rame. Ashe 'ya'yana ba su da maiƙo?"

Kare ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi. Ya ce, "Ko ɗanɗanawa ban yi ba."

"Biyu ka kama."

"Biyu."

"To wa ya ci?"

Kare ya juya kai ya dubi wajen kanya.

Zomanya ta ce, "Kwana biyu ban runtsa ba, zuciyata ƙuna take. Amma ba da kai nake fushi ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Kai sana'arka ce, tun kakanni kuna bi muna gudu. Wanda ya rataye 'ya'yana yana zaga gari da su, yana cewa shi ya fi su gudu, alhali ko inuwar kanya bai bari ba, shi ne ya ci mini mutunci."

"Me kike so in yi?"

"Saurara. Ka ji waken can na ƙas-ƙas shi kaɗai? Rana ta take. Zan shiga ciki. Kai dai ka bi ni, kada ka kama, kada kuma ka bari."

Ƙyale-su ya ce, "Maigidana ya hana a sake ni cikin wake. Ba zan taka shi ba, sai in mai gonar ne ya cuna ni da bakinsa."

Zomanya ta yi dariya ta ce, "Wannan bar mini shi."

"Kuma ki sani, ba abota muka ƙulla ba. Jibi in na gan ki a wani fili, ba sani ba sabo."

"Na sani. Ni ma ban ce ka zama ɗan'uwana ba."

Sai ga su sun gangaro daga tudu. Zomanya ta biyo ta gaban kanya tana jan ƙafa ɗaya kamar wadda ta karye, cinyoyinta na rawa. Gizo ya miƙe zaune, ya zaro ido. Ta lallaɓa ta shige cikin wake. Ƙyale-su ya zo bakin gona ya tsaya ƙiƙam.

Gizo ya ce, "Shiga mana!"

"Malam Gizo, Tunau ya ce ban da cikin wake."

"Gonar Tunau ce ko tawa? Shiga!"

"Rana ta take fa, kwanson ya bushe."

"Kare ne zai koya mini noma? Na ce ka shiga!"

"Ƙara faɗa in ji da kyau, yunwa ta ɗan toshe mini kunne."

Gizo ya buɗe murya har ana jinsa a rijiya. "Shiga ka kamo ta! Ni mai gona na ce ka shiga!"

Ƙyale-su ya ce, "To, bismilla."

Zomanya ta yanki gonar daga gabas zuwa yamma, kare na bin ta. Kwanso ya shiga fashewa, tas tas tas! Ta juyo daga kudu zuwa arewa, kare na bin ta, tas tas tas! Karo na uku ta zo ta gifta ta kan ƙafar Gizo, har gashinta ya shafe shi, tana ɗingishi. Kwaɗayi ya ɗebe shi. Mutumin da raɓa ke sa wa sanyin ƙashi ya suri kere ya faɗa cikin wake.

Kun san kare ƙafa huɗu gare shi, zomo huɗu. Gizo shi kaɗai takwas. Ɓarnar da su biyu suka yi, shi ya ninka ta. Ya kai duka nan, ya yi jifa can, ya faɗi ya birgima ya tashi. Yana jin tas tas tas ta ko'ina, shi a zatonsa tafi ake yi masa. Har cewa yake, "Ku bari sai na kama tukuna!"

Da zomanya ta ga babu sauran kunyar da ba a taka ba, sai ƙafar da ta karye ta warke. Ta miƙe kamar kibiya ta shige daji. Ƙyale-su ya koma gindin kanya, daidai inda Gizo ke zama, ya kwanta ya miƙe ƙafa.

Gizo ya zube yana haki, wannan karon na gaske. Da idonsa ya washe ya duba, ƙasa ta yi fari fat da wake, kwansuna duk sun buɗe baki.

To ku saurara nan, don nan ne wajen da ke ba ni haushi. Har yanzu waken bai tafi ba! A ƙasa yake, a gonarsu. Da ya je ya kira Ƙoƙi, sun zo da tsintsiya da rariya, wahala ce dai ta kwana uku, amma da sun kwashe mafi yawansa.

Sai ga Tunau ya zo karɓar karensa, ga kuma matan gari suna dawowa daga gonaki da ƙwaryoyi a ka, sun ji ihu sun ratso. A gabansu akwai wata tsohuwa, Gwaggo Barmani, wadda ba a yi wa magana sau biyu.

Tunau ya dubi gonar, ya dubi Gizo. Ya ce, "Gizo, ba dai cikin wake ka saki karena ba?"

Gizo ya dubi matan nan. Su ne ya yi wa alfahari a bakin rijiya kwana biyu. Ya ce a ransa, in na faɗi gaskiya na shiga uku da dariya. Sai ya karkaɗe riga ya ce, "Ni? Allah ya kiyaye! Ai tun jiya na gama roro, wakena yana rumbu. Wannan ɗan abin da ya zuba ne."

Gwaggo Barmani ta sauke ƙwaryarta. Ta ce, "Ɗan nan, ka gama roro ka ce?"

"Na gama, Gwaggo."

"Duk wannan na ƙasa ragowa ce?"

"Ragowa ce. Mu ai Allah ya yi mana bana."

"Ka gama dai, ko? Kowa ya ji?"

"Na gama mana!"

Ta ce, "To alhamdu lillahi, kala ta buɗe."

Kun san al'adar kala. In mai gona ya faɗa da bakinsa ya gama kwashe amfaninsa, abin da ya rage a ƙasa ba nasa ba ne kuma, na duk wanda ya tsinta ne. Ba a hanawa, kuma ba a janye magana.

Wata ta rangaɗa guɗa. Kafin ka ce kwabo, gonar ta cika: mata da ƙwaryoyi, tsofaffi da gefen zane, zabi da kaji, har awaki aka kwanto. Gizo na tsaye yana yaƙe, yana cewa, "Ku ɗiba, ku ɗiba," hawaye na bin kumatunsa. Aka ce lafiya? Ya ce ƙura ce.

Tunau bai tsaya kallo ba. Ya shafa haƙarƙarin karensa ya ce, "Ƙyale-su, an ba ka rabonka?"

Kare ya ce, "Kullum ana ce mini gobe."

Tunau ya juya ya ce wa Gizo, "Garin nan, ko tsumma ba wanda zai ƙara ba ka aro." Ya ja karensa suka tafi.

Guɗar nan ce ta fito da Ƙoƙi daga gida. Ta zo bakin gona ta tsaya. Ta ga waken da ta shuka da hannunta, ta yi wa noma ita kaɗai, yana shiga ƙwaryar kowa. Ta dubi mijinta, ya kau da kai. Nan take ta gane komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta tona shi ba. Ta durƙusa cikin mata ta shiga tsinta ɗaya ɗaya.

Wata mata kusa da ita ta zungure ta da gwiwar hannu ta ce, "Haba Ƙoƙi, ke da kika cika rumbu! Ki bar wa talakawa mana."

Wannan magana ta soki Ƙoƙi har zuci. Ta haɗiye, ta ci gaba da tsinta. Har rana ta faɗi, abin da ta samu ƙoƙo ɗaya ne. Da mutane suka watse, zomanya ta fito da sauran 'ya'yanta suka ƙarasa kalar, ba mai korar su.

Ƙoƙi ta dafa waken nan, ta sa ɗan gishiri da manja, ƙamshi ya cika gida. Gizo ya wanke hannu, ya zo ya zauna gabanta, jiki duk tsami. Ta zuba a akushi, ta yi bismilla, ta fara ci. Ya yi gyaran murya. Ba ta ɗago ba. Ya matso.

Ya ce, "Ƙoƙi, rabona."

Ta dube shi da idon tausayi ta ce, "Ka sha gudu yau, maigida. In ka ci wake da zafin nan zai ƙulle maka ciki. Ina tausayinka. Bari sai gobe."

Ta cinye, ta side akushi, ta zuba masa ruwan wankin tukunya.

To kun ji. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Gizo ya so ya ci zomo wani ya ci gudun, ƙarshe ya ci gudun ya rasa zomon, ya rasa waken. Wanda ya yi maka wahala, ka ba shi haƙƙinsa tun da ɗuminsa. In kuma ka yi ɓarna, ka faɗa a taya ka kwashewa, don ƙaryar da ya yi ya rufe kunya ita ta cinye abin da kare da zomo suka bari.

Ƙungurus kan kusu, kusun ma na rumbun Gizo, wanda ya shiga ya fito da yunwa. Ba don Gizo ba da kun ce ƙarya na shara muku.

Mantau, miƙo ƙwaryarka in gani. Tun ɗazu wannan ka ɓare? To naka rabon sai gobe.